Windows na hannu: wane lasisi ake iya sayarwa, wanne kuma zai bar ka a rana?

Wani ƙanina mai shagon buga takardu da fotokwafi ya kira ni wata safiya, wuta ta zo da ƙarfi cikin dare ta ƙone masa kwamfutar tebur. Ya riga ya yi cinikin wata ta hannu, amma abu biyu sun tsaya masa a rai. Na farko, Windows ɗin da ke kan wadda ta ƙone na gaske ne, da shi aka sayo ta, to ko zai iya mayar da shi kan sabuwar, ko ya sayar wa wani ya rage asara? Na biyu, wani a WhatsApp yana tallar lambar mabuɗin Windows 11 Pro a kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba, yana cewa ta hannu ce daga wani kamfani a Turai. Ya saya ko ya bari?

Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, kuma tana cikin dogon rubutun nan da muke danna masa amincewa ba mu karanta ba. Microsoft ya rubuta ƙarara cewa ba sayar maka da manhajar ya yi ba, izinin amfani ya ba ka. Lambar nan mai harufa 25 mabuɗi ce kawai. Wanda ya tsinci mabuɗin shago a kasuwa yana iya buɗe ƙofa, amma hakan bai sa shagon ya zama nasa ba. Saboda haka kafin a yi maganar farashi, sai a san irin izinin da ake magana a kai da kuma yadda ya iso hannun mai sayarwa.

Ma'aunin da na ɗora kowane zaɓi a kai

Abu biyar zan duba. Farashi, wato abin da zai fita daga aljihunka. Ɗorewa: lasisin zai ci gaba da aiki bayan an goge kwamfuta an sake ɗora Windows, ko bayan an canza bod, wato babban allon cikin kwamfuta da sauran sassa ke haɗe da shi? Sauƙi, ga wanda ba injiniya ba. Haɗari, na a toshe lambar ko a same ka da abin da ba bisa ƙa'ida ba. Na ƙarshe shi ne wanda ya kawo mu: idan ka gama da shi, kana da ikon sayar wa wani?

A wurina akwai wani ma'auni da ya rufe waɗannan duka. Hadisin Hakim ɗan Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa sananne ne ga duk ɗan kasuwa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce da shari'a ke karewa. Wanda ke son cinikinsa ya zama mai tsabta ba zai tsaya ga "ai ya yi aiki" kaɗai ba.

Kwamfuta ta hannu da lasisinta a jiki

Wannan shi ne lasisin masana'anta, wanda aka fi sani da OEM. HP ko Dell ko Lenovo sun saye shi da araha daga Microsoft, suka ɗora a kwamfutar tun kafin ta bar masana'anta. Sharaɗinsa a fili yake: kana iya miƙa shi ga wani, amma tare da kwamfutar da aka ɗora shi a kai, da sitikarsa idan ta zo da ita. Kamar akuya ce mai ciki, ana sayar da ita da abin da ke cikinta, ba a cinikin cikin shi kaɗai. Amsar da na ba ƙanina ke nan, kuma ba ta yi masa daɗi ba. Lasisinsa ya tafi tare da bod ɗin da ya ƙone. Da ma'ajiyar bayanai ce ta lalace, ko batir, ko allon dubawa, da babu abin da ya taɓa lasisin, domin a wurin Microsoft bod shi ne kwamfutar.

Ga mai saye kuwa, wannan tsari alheri ne babba, kuma na lura da yawa ba su san suna da shi ba. Tun daga Windows 8 a 2012, masana'antu suka daina buga lambar a sitika, suka koma dasa ta a cikin bod. Laftof ɗin Beljiyam da ka saya a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, in dai da Windows ya fito daga masana'anta a wannan zamanin, lambarsa na nan kwance a ciki. Ka goge komai, ka ɗora Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, ka haɗa da intanet, zai ɗauki lambar da kansa. Ba ka biya ko sisi a kan lasisi ba, yana cikin kuɗin kwamfutar.

Abin takaici, sau da yawa mai gyara yakan ɗora wani Windows daga filashinsa a kan wannan lasisi na halal, ya bi shi da manhajar fasa ƙwauri, don kawai hannunsa ya saba. Da idona na ga haka a kan wani laftof mai tsabta da aka kawo mini. Na juya shi, ga ƙaramar sitikar Windows mai sheƙi a ƙasa, alamar da lasisi ya zo. Na buɗe wurin rubuta umarni, wato Command Prompt, na buga slmgr /dli, sai ɗan akwati ya fito yana nuna VOLUME_KMSCLIENT, alamar lasisin sari na kamfanoni, maimakon OEM_DM, alamar na masana'anta. Muka goge muka sake ɗorawa, bai fi awa ɗaya ba, lasisinsa na asali ya dawo. Ka koyi wannan umarni, domin a tsaye a gaban mai shago zai gaya maka gaskiyar abin da ake sayar maka: OEM na masana'anta, ko RETAIL na kwali, ko VOLUME na sari.

Sai dai a kula da shekarun kwamfutar. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin sarrafawa (prosesa) na Intel na zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Shi ya sa tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka suka cika kasuwanninmu a farashi mai daɗi. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3, wanda ake so sosai a nan, zubi na 6 ne. Lasisinsa halal ne, amma hanyarsa ta ƙare a Windows 10. Duba lambar injin: i5-7200U na 7 ne, i5-8250U na 8 ne, lambar farko bayan layin ita ce shaida. Haka kuma ka sa a goge a kunna ta da intanet a gabanka, domin wasu kwamfutocin har yanzu suna cikin rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, kana kunnawa sai su nemi sunan ma'aikacin can.

Lasisin kwali, sabo ko na hannu

Shi ne wanda mutum ya saya shi kaɗai, a kwali da filashi ko ta shafin Microsoft, ba tare da kwamfuta ba. Farashinsa a Amurka dala 139 ne na Home, dala 199 na Pro. Ka auna da canjin yau, za ka ga yana iya kusantar kuɗin laftof ɗin hannu gaba ɗaya. Abin da kake biya wa wannan kuɗi shi ne 'yancin ƙaura. Kwamfuta ta mutu, ka ɗauke shi ka mayar kan wata taka, sau nawa ka ga dama, muddin kan guda ɗaya yake a lokaci ɗaya.

Shi ne kuma kaɗai Windows ɗin da sharuɗɗan Microsoft suka yarda a sayar da shi tsurarsa, babu kwamfuta. Sun gindaya abu uku. Mai sayarwa ya kasance shi ne wanda ya fara mallakar lasisin, mai saye ya amince da sharuɗɗan, sannan a cire manhajar daga tsohuwar kwamfuta. Sharaɗin farkon nan shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mai nauyi. Ma'anarsa hannu ɗaya kawai lasisin zai iya sauyawa. Idan ka saya daga mai shi na farko, cinikinka ya inganta, amma kai ba ka da ikon sayar wa na uku. Don haka dillalin da ke da tarin lambobin kwali "na hannu" da ya tattaro daga wurin mutane, bisa wannan rubutu, ba shi da abin sayarwa.

Haɗarin na hannun yana ga amana. Lamba ba buhun masara ba ce da idan ta bar rumbu ta bar shi. Mai sayarwa na iya ba ka ita kuma ya ci gaba da amfani da ita, ko ya ba mutum uku. Idan za ka saya, ka karɓi kwalin da rasidin asali, ya cire lambar daga kwamfutarsa a gabanka da umarnin slmgr /upk, ku rubuta 'yar takardar ciniki da kwanan wata da shaida. Kada kuma a sayar maka da tsohon kwalin Windows 7 ko 8 da sunan zai buɗe sabo. A da yana yi, amma Microsoft ya rufe wannan ƙofa a Satumba 2023.

Lambar araha ta intanet

Nan ne yawancin mutane ke faɗawa, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya ga dala 199 a gefe guda da abin da bai kai dala 20 ba a ɗaya gefen, dole zuciyarsa ta karkata. Amma ka tambayi kanka daga ina mai sayarwa ya samo ta. Galibi daga lasisin sari ne, wanda kamfani ko makaranta ko ma'aikata ke saya don kwamfutoci masu yawa. Iri ɗaya, MAK, lamba ce guda mai adadin buɗewa, sai wani ya fitar da ita ya yi ta sayarwa har adadin ya cika ko Microsoft ya toshe ta. Ɗayan, KMS, yana buƙatar kwamfuta ta riƙa gaisawa da sabar kamfanin, idan ta yi kwana 180 ba su gaisa ba, sai rubutun nan na neman a kunna Windows ya dawo ƙasan allo. Wasu lambobin kuma na asusun masu rubuta manhaja ne da aka bayar don gwaji, wasu na masana'anta ne da aka raba da kwamfutarsu.

Akwai wani abu da masu tallar ba sa faɗa. Lasisin sari na Windows ƙari ne a kan wani, sai kwamfutar tana da cikakken lasisi tun farko sannan ake ɗora shi. Ke nan ko da lambar ta buɗe, ba ta mayar da kwamfuta marar lasisi ta zama mai lasisi ba. Tana iya aiki shekaru, tana iya mutuwa ranar da ka goge kwamfuta, kuma a ranar mai sayarwar ya canza lambar waya. Ga ɗalibi asarar kaɗan ce. Ga makaranta ko cibiyar jarrabawa mai kwamfuta hamsin, ko ƙungiyar da masu ba da tallafi ke duba takardunta, kuɗi ne aka zubar ba a samu hujjar da za a nuna ba.

Manhajar fasa ƙwauri kuwa ban sa ta cikin zaɓi ba. Abin da farkon umarninsa shi ne ka kashe rigakafin kwamfutarka bai kamata ya zauna inda kake buɗe asusun bankinka ba.

Masu cewa "ai kotun Turai ta halatta"

Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Ranar 3 ga Yuli 2012, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci tsakanin kamfanin manhaja na Oracle da wani kamfanin Jamus mai suna UsedSoft, wanda sana'arsa saye da sayar da lasisin hannu ce. Kotun ta ce idan mai manhaja ya ba ka kwafi ka yi amfani da shi ba iyakar lokaci, ya kuma karɓi kuɗinsa, to sayarwa ya yi, ko da ya kira abin da wani suna, kuma ko da ta intanet ka sauke. Daga nan ikonsa na hana a sake sayar da wannan kwafin ya ƙare. Sharaɗin shi ne mai sayarwa ya lalata nasa kwafin. Tun kafin haka, a 2000, babbar kotun Jamus ta hana Microsoft tilasta wa dillalai su haɗa lasisin masana'anta da kwamfuta. Shi ya sa har yau sharuɗɗan Windows suka ware Jamus da wasu ƙasashe, suka ce a can dokar ƙasa ce ke hukunci kan miƙa lasisi.

A Amurka akasin haka aka yi. Wani ɗan kasuwa, Timothy Vernor, ya sayi tsofaffin faya-fayan manhajar zane ta AutoCAD na asali yana sayarwa a eBay. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce waɗanda ya saya a hannunsu ba masu mallaka ba ne, masu izini ne kawai, don haka dokar da ta ba mutum damar sayar da littafin da ya karanta ba ta shafe su ba. Abu iri ɗaya, ƙasashe biyu, hukunci biyu.

Hukuncin Turai ya shafi kwafin da aka fara sayarwa a cikin Turai ne, kuma kotun ba ta da iko a Kano ko Maraɗi. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce ke aiki, wadda ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Don haka mai zaune a nan, abin da ya fi masa tsira shi ne ya bi abin da takardar lasisin ta ce. Ɗan'uwanmu da ke da kamfani a Jamus ko Faransa kuwa, wannan kasuwa ce ta halal a gare shi, mai rangwame na gaske. Dillalin kirki a can yana bayar da takardun da suka nuna wanda ya fara saye, da yadda lasisin ya sauya hannu, da shaidar cewa an goge kwafin farko. Wanda ya turo maka lamba kawai ta imel yana ambaton kotun Turai, sunan kotun ya ara.

Linux

Linux manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows, kuma a nan tambayar sayarwa ba ta ma taso ba. Lasisin GPL da ke kan Linux ya yarda ka kwafa, ka raba, ka ɗora a kwamfuta ɗari, har ka karɓi kuɗi a kan filashin ko a kan aikin ɗorawa, muddin ba ka tauye wa na gaba irin wannan 'yanci ba. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na fitar da zubi mai dogon tallafi duk shekara biyu, da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta, Linux Mint kuma fuskarsa ta yi kusa da abin da mai Windows ya saba. Yana tafiya lafiya a kan kwamfutocin nan da Windows 11 ya ƙi.

Wahalarsa a aikin yau da kullum take. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda su ne abincin masu zane da buga kati, ba a yi su don Linux ba. LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta da ake amfani da ita a Linux, na buɗe takardun Word, amma wani lokacin tsarin shafi yakan goce, kuma abokin ciniki da ya kawo furojet ɗinsa a filashi ba zai saurari uzuri ba. Mai gyaran da ya iya shi ma ba a kowace unguwa ake samu ba.

| Zaɓi | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Sake sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwamfutar hannu da lasisin masana'anta | Yana cikin kuɗin kwamfuta | Muddin bod na da rai | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan, idan an duba | Tare da kwamfutar kawai |
| Sabon lasisin kwali | Dala 139 ko 199 | Yana bin ka duk inda ka koma | Mai sauƙi | Kusan babu | Eh, sau ɗaya |
| Lasisin kwali na hannu | Yadda kuka daidaita | Mai kyau, idan mai shi ya saki | Sai da takardu | Matsakaici | A'a |
| Lambar araha ta intanet | Ƙasa da dala 20 galibi | Ba tabbas | Mai sauƙi a ranar farko | Babba | A'a |
| Dillalin Turai mai takardu | Ƙasa da sabo | Mai kyau | Takardu da yawa | Kaɗan a Turai | Eh, a can |
| Linux | Kyauta | Shekara biyar a zubi mai dogon tallafi | Sai an koya | Kaɗan | Eh |

Wanne ne naka?

Idan ɗalibi ne kai, ko ma'aikaci, ko mai shago da ke neman kwamfuta ɗaya ta aiki, ka sayi ta hannu mai zubi na 8 zuwa sama wadda lasisinta ke cikin bod, ka tabbatar da shi kafin ka biya. Wannan na zaɓa wa ƙanina. Da muka duba wadda ya yi ciniki, ashe da Windows Pro ta fito, don haka lambar WhatsApp ɗin da ya kusa saye ba shi da buƙatarta tun farko.

Mai harhaɗa kwamfutar tebur da kansa, ko wanda ke canza inji duk bayan shekara biyu, shi ne kuɗin sabon lasisin kwali zai yi wa amfani, domin sau ɗaya zai biya. Na hannun kuwa sai daga mutumin da ka sani, wanda shi ya saya da kansa kuma rasidin na hannunsa.

Makaranta, asibiti, cibiyar jarrabawa da duk wanda wata rana za a ce ya kawo takardu, su nisanci lambar araha gaba ɗaya. Ko dai su sayi kwamfutoci masu lasisi a jiki su ajiye rasidi da lambar kowace, ko su bi ta dillalin da Microsoft ya amince da shi. Ɗakin koyar da yara buga rubutu da shiga intanet a kan tsofaffin kwamfutoci, Linux Mint ya ishe shi.

Kai kuma mai son sayarwa, buga slmgr /dli kafin ka yi talla. Idan ya nuna OEM, ka sayar da kwamfutar gaba ɗaya, ka gaya wa mai saye lasisi na ciki, ka ƙara kuɗinka a kan haka. Idan ya nuna RETAIL kuma kai ka saye shi sabo, ka cire shi daga kwamfutarka ka miƙa da kwalinsa da rasidinsa. Idan VOLUME ya nuna, na kamfanin da ya saya ne, ka goge shi ka duba ko akwai na masana'anta a ƙarƙashinsa.